Ɗan Tsakon Da Ya Kasa Bin Uwarsa

 Yau maganata a kan ɗan tsako ce, wanda ya kasa bin uwarsa.

Duk wanda ya tashi a gidan da ake kiwon kaji ya san shi. Kaza ta yi kwana 21 a kan ƙwai, ta ƙyanƙyashe goma ko sha biyu, ta fito da su tsakar gida tana tono, sai ka hangi ɗaya can baya ya saki fukafukai, ya runtse ido, yana kuka siriri ba ƙaƙƙautawa. Abin da aka saba faɗa shi ne, "Ƙyale shi, wannan ba mai tashi ba ne." Kafin gari ya waye ya sandare, ko shirwa ta sure shi. Ni dai ban yarda da wannan hukunci ba. Da yawansu sanyi da ƙishirwa ne ke kayar da su, kuma maganin duka biyun yana cikin ɗakin Inna.

Wani zai ce, ana ta shanu wa yake ta ɗan tsako? Ai shanun ne suka tafi. Gidajen da a da ake auna arzikinsu da garke, ɓarayin daji sun kore shi. Iyalai daga ƙauyukan Zurmi da Shinkafi sun dawo cikin gari, wasu a gidajen dangi, wasu a kangaye, kuma abin da mace ke iya ɗauka idan ana gudu, bayan 'ya'yanta, bai wuce ƙunshin tufafi da kaza a kwando ba. A Satumban 2021, da gwamnatin jiha ta rufe kasuwannin mako aka kuma katse layukan waya, kowa ya ga darajar abin da za a iya sayarwa a ƙofar gida. Kaza ce asusun mace: daga ita ake fitar da kuɗin maganin zazzaɓi, da littafin yaro, da gudunmawar suna, da naman baƙo. Kazar gida takan fara ƙwai tana da wata shida ko makamancin haka, ta yi kwanci kusan sau uku a shekara. Ɗan tsakon nan da ke rawar ɗari a gindin turmi, in mace ce ta rayu, baɗi war haka ta cika akurki.

To yaya ake jinyarsa?

Farko ɗumi. Ɗan tsako ba ya iya riƙe zafin jikinsa sai gashin gaske ya fara fito masa. A makon farko yana buƙatar ɗumi na maki 32 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, wanda fiffiken uwarsa ke ba shi. Asubar Disamba da Janairu kuwa, idan hunturu ya sauko, ko babban mutum sai ya nemi bargo. A sa shi a kwali ko ƙwarya, a shimfiɗa tsumma busasshe, a cika gora da ruwan ɗumi a naɗe ta da ƙyalle a ajiye gefe ɗaya, a bar masa wurin matsawa. In ya buɗe baki yana haki, zafin ya yi yawa. Kada a bar kaskon gawayi a rufaffen ɗaki saboda shi, domin iskar gawayi tana kashe ɗan tsako, tana kashe mai jinyarsa.

Idan jikinsa ya ɗumama, sai ruwa mai ɗumi-ɗumi da ɗan sukari kaɗan. A tsoma bakinsa, a bar shi ya ɗaga kai ya haɗiye da kansa. Kada a buɗe masa baki a ɗura, saboda ƙofar numfashinsa tana bayan harshe, ruwan zai sarƙe shi. Abinci shi ne na uku, kuma ba a gaggawarsa: ɗan tsako yana fitowa da ragowar gwaiduwa a cikinsa, wadda ke riƙe shi kwana biyu zuwa uku. Bayan nan a marmasa masa gwaiduwar dafaffen ƙwai da tsakin gero mai laushi. In ya fara ƙarfi, dabarar iyayenmu tana nan: a kifa tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami mai laima kusa da suri, da safe a kwashe gara. A kuma duba bayansa. Sau da yawa kashi ne ke bushewa ya toshe masa dubura. A jiƙa da ruwan ɗumi har ya saki, a busar da shi, a shafa ɗan mai.

Amma akwai inda jinya ke tsayawa. In aka ga kashi kore-kore, ana numfashi da ƙyar, wuya ya murɗe, manyan kaji ma suna faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, to annobar Niyukasil ce, wadda duniya ta sani tun 1926, kuma a Arewa ta fi ƙamari lokacin hunturu. Ba ta da magani. Kafso ja da yalo da ake farkewa a ruwan kaji ba ya taɓa ta, haka barkono da saƙe-saƙin maɗaci. Yawan ba da kafson ma sabar wa ƙwayoyin cuta da shi yake yi, har ranar da ɗan mutum zai buƙace shi ya ƙi aiki. Kashi mai jini da damina kuwa wata cutar hanji ce da jiƙaƙƙen akurki ke haddasawa, ita tana da magani wurin malamin dabbobi. In kuma kaji suka zube lokaci ɗaya, a tuna da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Najeriya a Fabrairun 2006 a wata gona kusa da Jaji, jihar Kaduna. Tana iya kama mutum. A hana yara taɓawa, a binne mushen da zurfi, a sanar da hukuma.

Shi ya sa ware mara lafiya daga sauran ya zama wajibi tun ranar farko, tare da wanke hannu da sabulu. Akwai kuma wata al'ada tamu da ya kamata mu daina: da kaza ta fara gyangyaɗi sai a ruga da ita kasuwa kafin ta mutu. Kasuwar Shinkafi ta ranar Alhamis tana tara fatake daga Sakkwato da Katsina har da Nijar. Kaza ɗaya mai cuta a kwando ta isa ta share akurkin ƙauyuka. Wannan cutarwa ce ga ɗan'uwa. Wanda ya sayo sabuwa kuma, ya killace ta mako biyu kafin ta shiga cikin nasa.

Rigakafi yana nan. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana yin maganin rigakafin Niyukasil mai suna I-2, wanda ya fi saura jure zafi. Ɗigo ɗaya ne a ido, ga masu lafiya kaɗai, a maimaita duk wata uku zuwa huɗu. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, don haka unguwa ce ya kamata ta haɗa kuɗi.

Ba kowane ɗan tsako ke tashi ba, ko an yi masa duk wannan. Amma wahalar ba ta faɗi ƙasa banza ba. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, da matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa har ta mutu. 'Ya'yanmu a wannan yanki sun ga jini fiye da kima, sun ji rai ya zama abin ciniki. Yaron da aka damƙa wa kwali aka ce ya canza ruwan gora kafin ya kwanta, ana koya masa cewa mai rauni ba abin zubarwa ba ne.

Iyaye mata, don Allah kada ku yanke wa na baya hukunci tun bai sha ɗumi ba. Iyaye maza da masu unguwanni, ku nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku a ɗiga wa kaji rigakafi tun kafin hunturu ya shigo. Wanda ya karanta, ya karanta wa wadda ba ta da waya. Allah Ya sa albarka a kiwonmu, Ya dawo mana da zaman lafiya.