Sojan Gaban Sarauniya Ba Ya Son Gaggawa

To, ku matso kusa, tunda mu ya mu ne. Kai ƙanena, tun da ka koma buɗe wasan ces da d4 nake ganinka kana haddar taku goma na farko kamar mai biya allo. Da abokin karawa ya kauce hanya a taku na shida, sai ka yi cirko-cirko. Abin yana damuna, don kana da basira.

Sojan da ka tura d4, sarauniya na tsare da shi tun daga farko, shi ya sa faɗa ba ya ɓarkewa da wuri. Dabarar tana can tsakiyar wasa, kuma sai a cikakken wasan gwanaye ake ganinta. A 1927, a Buenos Aires ta Ajantina, Capablanca da Alekhine sun buga wasa 34 na kambun duniya, kusan duka da Gambit ɗin Sarauniya. Alekhine ya ci shida, ya sha kashi uku, sauran 25 kunnen doki. Yaya, na san za ki ce kunnen doki gundura ne. Wallahi a can ne mutum ke koyon haƙuri da tsaro.

Ku dubi tsarin Karlsbad. Bayan an yi musayar soja a d5, fari yana da soja biyu a layin a da b, baƙi yana da uku a layin a, b da c. Sai fari ya tura b4, ya bi da b5, ya ci a c6. Me ya rage wa baƙi? Soja guda a c6, babu ɗan uwan da zai kare shi, manyan kayansa duk sun koma gadi. Wanda ya ga wannan a wasanni biyar ya riƙe shi ke nan.

Kuma kada ku raina tsarin Landan don ana cewa na malalata ne. Da shi Ding Liren ya doke Nepomniachtchi a wasa na shida na kambun duniya a 2023.

Ni dai shawarata, mu ɗauki littafin Bronstein na gasar Zurik ta 1953. A shimfiɗa allo na gaske, a ajiye waya. A rufe takun gwani da takarda, kowa ya faɗi nasa da dalilinsa, sannan a buɗe. Kai ƙanena, ranar Asabar kai za ka riƙe baƙi.