Kafin Ruwa Ya Sauka

Gidanmu yana cikin birnin Zariya. Gidan ƙasa ne, kuma ya girmi duk wanda yake kwana a cikinsa. Ni kuwa aikin koyarwa ya kai ni Ibadan, inda nake haya a unguwar Sabo, a ɗakin bulo mai rufin kwano. Sau biyu nake zuwa gida a shekara. Zuwan da zan ba da labarinsa na watan Afrilu ne, tsakiyar bazara, lokacin da zafi yake hana barci, kowa yana ɗaga kai yana duban gabas ko zai hango hadari.

Da nauyi a zuciyata na taho. A daminar da ta gabata ɗakin kakarmu ya yi yoyo, har sai da aka jera kwanoni uku a ƙasa suna tarar ruwa. Da aka gaya mini ta waya, na yi alkawarin zan aiko da kuɗin gyara da zarar ruwa ya ɗauke. Ruwa ya ɗauke, hunturu ya zo ya wuce, ban aiko ba. Ba mantawa na yi ba. Duk ranar da aka biya albashi sai wata buƙata ta riga shi, ni kuma in ce sai wata mai zuwa.

Na tarar da Kaka a tsakar gida, ƙarƙashin darbejiya, ita da ƙanwata suna ɗinkin hula. Kyanwarta, wadda muke kira Toka saboda launinta, tana kwance a gefen tabarma da tsohon ciki. Na durƙusa na gaishe ta. Ba ta ajiye allura ba ta ce, "A'a, maigidan ne da kansa? Ai na ɗauka ka sake ni ne ba takarda. Wane irin miji ne wannan, matarsa tana kwana ruwa yana ɗiga mata a ka?"

A al'adar Hausawa kaka da jikanta abokan wasa ne, shi ya sa take kirana mijinta tun ina rarrafe. Kowa ya yi dariya, har da ni. Amma na san ba duka maganar ce wasa ba.

Washegari na jingina tsani na hau na duba. Rufin ɗakin ƙasa a shimfiɗe yake. Azara ake jerawa a kan bango, wato itacen giginya da aka tsaga, a rufe ta da zana ko kara, sannan a zuba ƙasa a daɓe. Akan ɗan karkata saman kaɗan domin ruwa ya gangara ya bi ta indararo ya zuba can nesa da gindin bango. To, indararonmu ya yi tsatsa ya ɓule. Ruwan da ya kamata ya fita sai ya riƙa kwanciya a kusurwa yana tsuma bango, har ya ci wani rami a gindin rawanin soron. Daga ramin wata tsaga ta gangaro, wadda yatsana yake shiga cikinta.

Tun rasuwar mahaifinmu yayana ne yake riƙe da gida, kuma ya riga ya yanke shawara. Ya ce a rushe ɗakin, a tayar da na bulo, a buga kwano, kowa ya huta. Ba zan ce maganarsa ta banza ba ce. Kowace shekara idan marka ta kankama a watan Agusta, sai an ji labarin ginin ƙasa da ya faɗo wa mutane suna barci. Ginin ƙasa kuma kullum yana son hannu. A da, da an gama aikin gona sai mazan gida su taru su yi yaɓe, Baba ne ma kan gaba. Yanzu mun watse, wannan yana Kaduna, wancan yana Legas, ni ina Ibadan. Wa zai yi?

Kaka kuwa ta ce a ɗakin nan aka kawo ta tana amarya, a cikinsa ta haifi ubanmu, kuma daga cikinsa za a ɗauke ta. Ta ƙara da cewa ba za ta shiga tanda da ranta ba. A nan ban iya musa mata ba, domin na san yadda ɗakina na Ibadan yake da ƙarfe biyu na rana. Bangon ƙasa mai kauri ne, zafin rana ba ya ratsa shi da wuri. Da azahar sai ka ji ɗakin da sanyi kamar an yayyafa ruwa, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi har asuba.

Da gardama ta ƙi ƙarewa, aka yarda a kira wani tsohon magini, abokin Baba, ya duba, abin da ya faɗa shi ke nan. Maginan Zariya suna da abin alfahari. A garin nan Babban Gwani ya gina Masallacin Juma'a da ƙasa da azara a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846, kuma har yau akwai unguwa mai sunan Babban Gwani. Tsohon bai yi minti goma a gidanmu ba sai da ya tuna mana da wannan.

Ya shiga ɗakin da sandarsa, ya riƙa ƙwanƙwasa azara ɗaya bayan ɗaya yana kasa kunne. Mai lafiya ƙararta a tsaye take, ruɓaɓɓiya kuwa sai ka ji ta luf. Biyu kawai ya samu da suka ruɓe, su ma a bakin da ruwa ya kwanta. Ya ce gara ba ta cika iya wa giginya ba, ruwa ne abokin gabarta. Yaya ya ce, "To Baba, ko a shafe saman da siminti?" Tsohon ya girgiza kai. Ya ce siminti da ƙasa ba sa ga maciji. Shekara ɗaya ko biyu simintin zai tsage, ruwa ya shiga ta ƙarƙashinsa ya rasa hanyar fita, sai ɓarnar ta fi ta da. Ya ce da a zamanin ƙuruciyarsa ne da laso zai shafe shi, wanda ake haɗawa da katsi daga marina, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Amma marina ta ja baya, katsi ya yi wuya. Don haka da makuba zai yi.

Makuba daga itacen ɗorawa take fitowa. Ƙwayar ɗorawa, wato kalwa, ita ake yin daddawa da ita, wadda Yarbawa suke kira iru. Ɓawon kuma shi ake jiƙawa ya ba da wani ruwa ja mai duhu, wanda idan aka kwaɓa ƙasa da shi takan yi tauri ta jure ruwa.

Da aka yi lissafin ƙasa da azara da sabon indararo da ladan aiki, na fito da abin da na zo da shi. Rabi kawai ya kai. Yaya ya yi shiru, don bai daɗe da biyan kuɗin makarantar yara ba. Sai Kaka ta ce wa ƙanwata, "Auta, ɗauko mini gwangwanin nan na ƙarƙashin gado." Ta zazzage shi a kan tabarma. Kuɗin hula uku ne da ta ɗinka tun daga ɗaukewar ruwa, ta huɗun ce a hannunta. Ba ta dube ni ba, kuma da ta dube ni da ya fi mini sauƙi.

Wanda bai taɓa zama kusa da mai ɗinkin hula ba, ba zai san abin da hula uku take nufi ba. Farin yadi ake yankawa gida biyu, jiki da kai, mai zane ya fitar da fasali a kansa. Daga nan sai allura da zare, ɗinki ƙanana ƙanana, kowane bai kai ƙwayar gero ba, har sai farin ya ɓace gaba ɗaya. Hular zanna mai kyau takan ci wa Kaka fiye da wata guda, domin idonta ya yi rauni, ba ta ɗinki sai da hasken rana. Auta ce take zura mata zare. Ita Auta da wasa ta fara, tana kwaikwayo da ƙyallen da aka yar, yanzu kuwa idan ta dawo daga makaranta ita take cike wurare masu wuya. Idan an gama sai a kai wa mai wankin hula ya wanke, ya sa sitaci, ya ɗora ta a kan gungumen itace ya buga har ta tsaya.

Aka kawo jar ƙasa a kura, aka zube ta a ƙofar gida. Yaran magini suka zuba mata ruwa da busasshiyar ciyawa, suka tattake ta da ƙafa, aka bar ta ta kwana huɗu tana tsumuwa, kullum ana juya ta. A cikin kwanakin nan Toka ta ɓace, ba wanda ya kula sai Kaka.

Ranar da za a fara aiki, yaron magini ya hau, ya kai hannu zai yashe ramin nan na bakin indararo, sai muka ji ya yi ƙara ya ja da baya. Toka ce a ciki, ta harzuƙa, ga 'ya'ya huɗu a jikinta ko ido ba su buɗe ba. Kyanwar da muke yi wa kallon kyanwar Lami, ba cizo ba yaƙushi, ita ce ta bar masa shaida uku a bayan hannu.

Kaka ta ce ba mai taɓa mai jego. Yaya ya ce yanzu saboda mage za a tsayar da aikin da ake biya kullum? Da yamma ya lallaɓa ya sauko da 'ya'yan a cikin kwali, ya ajiye su a zaure. Kafin gari ya waye uwar ta kama su a wuya ɗaya bayan ɗaya ta mayar da su raminsu. Magini ya yi dariya har da tari. Ya ce a bar ta, zai fara ta ɗaya gefen, kyanwa ba ta daɗewa ba ta sauya wa 'ya'yanta wuri ba.

Kwana uku muna aiki muna kewaye ramin. Ni nake ɗaukar ƙasa a kwano ina miƙawa, alli bai koya wa bayana wannan ba, dare ya yi sai in kwanta kamar an yi mini duka. A rana ta biyu tsohon ya kira ni. Ya kankare wani wuri a jikin bango inda tsohon yaɓe ya kumbura, sai ga yaɓe a kan yaɓe, hawa hawa, kamar shafukan littafi. Ya sa farce yana ƙirgawa, wani ja, wani baƙi, wani siriri alamar shekarar da aka yi shi a gurguje. Da ya zo na sama ya ce, "Wannan na mahaifinka ne, tare muka yi." Da hannu ake shafa yaɓe, saboda haka sawun yatsu yakan zauna. Na ɗora hannuna a kai. Nawa ya fi nasa tsawo, nasa ya fi faɗi. Bayan wannan babu wani, shekara shida ke nan.

A dare na uku hadari ya taso. Iska ta fara da ƙura, ƙofofi suna bugawa, walƙiya tana haska gabas. Sabon yaɓe ɗanye ne, an cire ruɓaɓɓun azara, ga kuma ramin a buɗe. Idan ruwa mai ƙarfi ya sauka a daren nan, aikin kwana uku da hula uku sun bi ruwa, wataƙila har da kusurwar ɗakin. Ni da Yaya muka hau da fitila muna shimfiɗa leda da tsofaffin buhuna, muna danne su da duwatsu, iska tana fizgewa. Bai ce mini "na faɗa muku" ba, ko da yake na ga maganar a bakinsa. Muka roƙi Kaka ta koma ɗakin Inna ta kwana, ta yarda da ƙyar. Aka yi yayyafi na ɗan lokaci, ƙasa ta yi ƙamshi, sannan iskar ta kwashe hadarin ta yi yamma da shi.

Da safe ramin ba kowa. Auta ce ta gano su, a cikin kwandon ɗinkin Kaka, kwance a kan hula ta huɗu wadda saura kaɗan a gama. Zare ya hargitse, hular kuma ta sami tabo a ciki. Auta ta kusa kuka, don ita ta yi mafi yawan aikin kan hular. Kaka ta ce a ƙyale su, Toka ta daɗe da biyan haya da ɓeraye.

Cikin kwana biyu aka toshe ramin, aka kafa sabon indararo, aka shafe saman da makuba. Da aka zo yaɓen bango na ƙarshe, tsohon ya ce in sa hannu. Nawa ya fito a karkace, ya bi baya yana gyarawa, amma ya bar wani ɗan wuri daga ƙasa bai taɓa ba. Hular kuwa ni na saye ta, a kan kuɗin da Kaka ta yanka, ba ragi. Mai wanki ya yi iya ƙoƙarinsa, tabon bai fita duka ba, amma daga ciki yake.

Hutu ya ƙare na koma Ibadan ruwa bai sauka ba. A tsakiyar watan Mayu, da daddare, Auta ta kira ni. Ba ta yi magana ba, sai ta kai wayar kusa da indararo, na ji ruwa yana zuba da ƙarfi a tsakar gida. Ta ce kwanonin nan uku suna madafa, 'ya'yan Toka kuma sun fara hawa darbejiya, an riga an yi alkawarin biyu ga maƙwabta. Daga nesa na jiyo muryar Kaka tana cewa a gaya wa maigidan bangon zaure ma ya fara tsagewa. Auta ta rage murya ta ce Yaya ya riga ya sayo bandir biyu na kwano, ya ɓoye su a shagon abokinsa.