Tafintan da ke Manne a Bango

Ranar nan a Gwarimpa na tarar da leburori suna haƙa a gefen titi da diga da shebur, suna binne wani siririn bututu. Na ce wa ɗayansu, "Malam, ruwa za a kawo mana ne?" Ya share gumi ya ce, "A'a, ranka ya daɗe, faiba ce, ta intanet."

Zaren gilashi ne a ciki, kaurinsa kamar silin gashi, kuma haske ne ke gudu a cikinsa, ba lantarki ba. Tun 1966 Charles Kao ya nuna cewa in aka tace gilashi sosai zai kai haske nesa, har aka ba shi kyautar Nobel a 2009. Zaren ya sha yabo, ya kuma cancanta.

Sai dai kwamfuta ba ta jin yaren haske. Nan ne aikin ɗan akwatin nan da ake kafewa a bangon falo, mai korayen fitilu, wanda ba a kula shi sai ranar da ja ta kama. Haske kan iso masa a galabaice. Wani ɗan ido a ciki ya mayar da shi lantarki, ɗan mitsitsin da ko tururuwa ba zai girgiza ba. Daga nan tiransistoci su karɓa, su ƙara masa ƙarfi, su bambance ɗaya da sifiri. In kai ne mai aikawa, su ne ke juya hasken leza, sau sama da biliyan a daƙiƙa guda. A manyan cibiyoyin sadarwa gudun ya ninka haka sosai, har silikon zalla da ake yin tiransistocin da shi kan gaza, sai a gauraya shi da jamaniyom.

Sunan tiransisto ma ba baƙo ba ne. Shi ne dai tiransiston da aka ƙirƙira a ɗakin binciken Bell a Amurka a 1947, wanda ya ba rediyon da iyayenmu ke ratayawa a kafaɗa sunansa. Jikokinsa ne suka ƙanƙance har ido ba ya ganinsu.

Daren jiya aka ɗauke wuta a layinmu. Hasken na nan cikin zare, ya iso har bangona, amma tafinta ya yi shiru. Sai da na fita na tayar da janareto.