Na shiga motar tsere ina da shekara 43

Jama'a, duk wanda ke zaune tsakanin Gyadi-Gyadi da Tarauni ya san ƙarar da nake nufi. Ranar Asabar bayan La'asar, ana ɗaukar amarya, sai ka ji taya na kuka a kan kwalta, ƙura ta turnuƙe, yara na ihu. Wasan mota. Da can tsaki kawai nake yi in wuce, har ranar da Yayata ta kira ni tana kuka, wai in duba bidiyon da ta turo min. Ɗanta ne a motar babansa, wajen Court Road, yana juya ta kamar gugar yasa, saura ƙiris bayan motar ya kwashe wani yaro mai tallan ruwa. Shekararsa 22.

Na je gidan na yi faɗa har muryata ta dushe. Na tuna masa Asibitin Malam Aminu Kano ga shi nan kusa, ya je sashen haɗari ya gani da idonsa. Ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Kawu, to a ina za mu yi?" Na ji haushin tambayar, amma ta bi ni har gida. Mai doki yana da filin sukuwa, yana da filin folo. Mai ƙwallo yana da Sani Abacha da Sabon Gari. Yaron da jininsa ke son gudu fa, titi kawai ya sani.

Watan jiya aiki ya kai ni Abuja, sai na tafi da shi, muka je wani fili da ake hayar ƙananan motocin tseren nan da ake kira gokat. Niyyata in biya masa in koma gefe. Mai kula da wurin ya dubi tumbina ya ce, "Alhaji, ai ba a yi maka tsufa ba." Kunya ta sa na karɓi hular kwano.

Abin kamar gadon ƙarfe ne da aka sa wa tayoyi huɗu, mazauninka bai fi 'yan yatsu tsakaninsa da ƙasa ba. Ba giya, ba shokozoba, ba kuloci na takawa. Ƙafar dama totur, ƙafar hagu birki, kuma birkin a baya kaɗai yake kamawa. Injin kuwa da na leƙa sai da na yi dariya, irin Hondar nan ce da manoman rani ke ban ruwa da ita a Kura da Kadawa. Dole na cire babbar riga, domin sarƙa da sandar tayoyin baya suna juyawa dab da bayanka, duk abin da ya yi lilo za su iya fizga. Mata masu sha'awa, wannan ya shafi mayafi sosai, a naɗe shi tsaf cikin riga kafin a zauna.

Shekara ashirin ina tuƙi a Kano, na ratsa Dangi tun kafin a yi gada, na yi gogayya da 'yan Adaidaita Sahu a Farm Center, ina ganin babu abin da za a koya min. A kwanar farko na taka birki ina tsakiyar murɗa sitiyari, motar ta juya da ni na fuskanci inda na fito. A ta uku na rungumi tayoyin da aka jera a gefe. Wata yarinya da ba ta wuce 12 ba ta wuce ni sau biyu, ko kallona ba ta yi ba.

Abin da ya sa nake wannan rubutu shi ne sakamakon ɗan Yayata. Shi gwanin titi, kowace kwana sai ya zame da bayan mota, taya na ƙara, yana jin daɗi. Da aka nuna lokaci a allo, yarinyar nan ta ba shi tazara mai yawa, ni ma da ƙyar ya tsere min. Mai kula da wurin ya zaunar da mu ya yi bayani. Tayoyin baya a sanda ɗaya suke, tare suke juyawa, don haka duk zamiya gudu kake zubarwa, kuma ƙaramin inji yana daɗewa kafin ya dawo da shi. Ka rage gudu tun kana miƙe, ka buɗe waje, ka shiga ka shafi cikin kwanar, ka sake buɗewa kana ƙara wuta a hankali. Idonka ya riga motar isa inda za ka. Kada ka haɗa totur da birki lokaci guda. Ashe wanda ya fi kowa sauri shi ne wanda motarsa ta fi shiru. Yaron nan bai ce uffan ba. A zagaye na biyu ban ji ƙarar tayarsa ko sau ɗaya ba, kuma lokacinsa ya gyaru.

Ni kam ba gasar Formula 1 ta Jidda nake hari ba. Lewis Hamilton, mai kambun duniya bakwai, yana ɗan shekara 8 ya fara da irin wannan mota a 1993, babansa na haɗa ayyuka don ya biya. Mu da muka fara da furfura, nauyin jiki ma kaɗai ya isa ya ja mu baya. Babba in zai gwada, ya fara da haya, kada ya yi zancen saye, ya sa takalmi rufaffe, ya yarda yaro ya koya masa. Ya kuma shirya wa ciwon haƙarƙari da damtse, kwana uku ina sallah da ƙyar. Tsada kuwa akwai ta, kuɗin minti goma sun yi cefanen gidana na yini, ba zan ɓoye ba.

Wani Ba'amurke mai suna Art Ingels ne ya fara haɗa ta a 1956, da bututun ƙarfe da ɗan ƙaramin inji. Duk lokacin da na tuna haka sai Ƙofar Ruwa ta faɗo min a rai, da masu waldar da ke Tarauni. Hannun yin abin muna da shi. Abin da za a nema fili ne mai shinge, da kwalta mai kyau, da hular kwano ta gaske, da mutum mai tsauri da zai kori duk wanda ya karya doka ko ɗan wane ne. In aka yi shi sakaka, gara ma ba a yi ba. Masu kuɗinmu da ke ta gina wuraren biki, ga shawara kyauta.

Har yanzu makullin motar yana hannun Yaya, kuma ban sa baki a ba shi ba. Jiya ya turo min saƙo yana tambayar yaushe za mu koma, wai yana son ya kamo lokacin yarinyar nan. Na ce ya bari a yi albashi.