Sayen Allon Kwamfuta A Jalingo

Masu iya magana sun ce araha ba ta ado, amma ni na ga takan yi, muddin mai saye ya buɗe ido. Tun da darajar Naira ta faɗi a 2023 kayan waje suka yi tashin gwauron zabi. Saboda haka da ɗana ya roƙi faffaɗan allon kwamfuta na wasanni, sai na tsaya a kan abu uku.

Na farko girma: mai inci 24 ya wadatar. Na biyu sauri: allon da ke sabunta hoto sau 75 cikin daƙiƙa ya fi mai sau 60 santsin motsi. Na ukun shi ne babba. Galibin kayan nan daga Legas suke zuwa Jalingo, in sun lalace kuwa mayarwa aiki ne ja. Don haka ban biya ba sai da aka kunna shi a gabana, na tabbata babu mataccen ɗigo, aka kuma rubuta mini rasit.

Jama'a, kada zaƙin farashi ya hana ku gwaji, domin gumin talaka ba abin caca ba ne.