Ƴan Uwa Biyu da Ciwon da Ake Jin Nauyin Faɗa

A watan Janairu na shekarar 1998 wani lauya ɗan ƙasar Amurka, Jay Monahan, ya rasu yana da shekara 42. Sankarar babban hanji ce ta zama ajalinsa. Ya bar ƴaƴa mata biyu ƙanana da matarsa Katie Couric, wadda miliyoyin Amurkawa suke kallo kowace safiya a tashar talabijin ta NBC.

Wannan ciwo yana da wata ɗabi'a ta ban takaici. Yakan fara ne da ɗan tsiro a jikin hanji, wanda kan yi wajen shekara 10 kafin ya rikiɗe ya zama sankara. Idan likita ya leƙa da siririn bututu mai ɗauke da kamara, yana iya ganin tsiron, ya cire shi nan take. Amma wurin da ake bincikawa wuri ne na kunya, ga kuma tsadar aikin. Sai mutane su yi shiru, ciwon kuwa yana cin ƙarensa babu babbaka.

Gwauruwar ta ɗauki yaƙi da kunyar. A watan Maris na 2000 ta yarda aka yi mata wannan bincike, aka nuna wa duniya a talabijin. Daga baya masana na Jami'ar Michigan suka gano cewa yawan masu zuwa binciken ya ƙaru da kusan kashi 20 cikin 100.

Sai dai yayarta, Emily Couric, ta hango inda gizo ke saƙa. Me amfanin a ce wa mutum ya je asibiti, alhali aljihunsa ba zai kai shi ba? Emily ƴar majalisar dattawan jahar Virginia ce, don haka ta gabatar da ƙudurin da zai tilasta wa kamfanonin inshorar lafiya su biya kuɗin binciken. A shekarar 2000 ƙudurin ya zama doka, Virginia ta kasance cikin jahohin farko a wannan fage, wasu da dama kuma suka bi sawunta. Ƙanwa ta yaye lulluɓin kunya, yaya ta sauke nauyin kuɗi. Da ma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ƙaddara kuwa ta riga fata. A cikin shekarar nan da dokar ta tabbata, likitoci suka shaida wa Emily cewa tana ɗauke da wata sankarar ta daban, irin wadda ba a cika ganowa da wuri ba. Ta rasu a watan Oktoba na 2001, tana da shekara 54. Rijiyar da ta gina, wasu ne suka sha ruwanta.

Aikin bai tsaya a kabarinta ba. A 2010 dokar lafiya ta tarayya ta ɗora wa yawancin kamfanonin inshora biyan kuɗin binciken, a 2021 kuma aka rage shekarun farawa daga 50 zuwa 45, saboda ciwon yana ƙara kama masu ƙananan shekaru. Duk da haka, ko da wannan ma'auni, Jay Monahan da bai kai lokacin da za a kira shi ba. Saura shekara 3.