Waken da ya koma waakye

Kowace al'umma da abin da take haɗa wa shinkafa. Mutanen Kagoshima, can ƙasar Japan, dankali suke zuba mata. Mu kuwa wake, da 'yar kanwa, da karan dafin da ke rina ta ja. Yau abincin nan ya game Gana, tun bayan asuba ake bin layinsa a Nima da Mamobi. Sunan ma namu ne: shinkafa da wake aka gutsure, aka rubuta waakye. Amma ku tambayi jikokinmu, masu cinsa kullum da shito da taliya, ma'anar kalmar. Wasu su yi shiru, wasu su rantse ta Tonawa ce.